Doron da Aka Kira Lalaci

Tela ne ya fara gani. Ana gab da ƙaramar Salla Baba ya ɗauko ni daga Gumbin Kure zuwa Jega ranar kasuwa. Ya sayar da dawa, ya yanki yadi, muka shiga rumfar telan da yake yi masa ɗinki tun yana saurayi. Shekaruna ba su wuce sha uku ko sha huɗu ba. Telan ya ɗora awo daga wuyana zuwa gwiwa ta gaba, ya zagaya ya auna ta baya, sai ya tsaya, ya sake aunawa.

"Malam, rigar yaron ga sai an ƙara mata tsawo ta baya," ya ce da Baba. "In ba haka ba ɗagewa za ta yi. Bayan nashi ya ɗan tashi."

Ba da mugunta ya faɗa ba, maganar sana'arsa yake yi. Amma rumfar cike take da masu jiran ɗinki, kuma duk suka juyo suna kallon bayana. Baba ya dube ni kamar ranar ya fara ganina. Shi dogon mutum ne, miƙaƙƙe kamar giginya, kuma wana, babban ɗansa, ya ɗauko shi sak. Sai da muka sauka daga motar komawa, muka kama hanyar gida da ƙafa, sannan ya ce, "Miƙe."

Na ja numfashi, na turo ƙirji, na janye kafaɗu baya iya ƙarfina.

"Na ce ka miƙe."

"Na miƙe, Baba."

Sai na ji dundu a tsakanin kafaɗuna. Shi ne na farko.

Tun daga ranar kalmar nan ta zama kamar sunana a gidan. Ina cin tuwo, miƙe. Ina alwala, miƙe. A sahun salla ma, kafin liman ya yi kabbara, sai in ji yatsansa ya soki gadon bayana. Baba ya yanke hukunci cewa lalaci ne da son jiki, wai na ga noma ya yi wuya shi ne nake rankwafawa kamar tsoho don a tausaya mini. Ya samo wata sandar gora, ya riƙa gitta mini ita a baya, in saƙalo ta da gwiwoyin hannu, in tafi gona a haka. Mukan ratsa ta tsakiyar gari. Yara suka sa mini mai tozo, wasu su ce raƙumi. Har yau in na ga raƙuma a kasuwar dabbobi ta Jega nakan kau da kai, ni da furfura ta fara fito mini.

Inna ba ta taɓa dukana a kan wannan ba. Ita a ganinta baki ne ya kama ni, don haka ta bi ni da rubutu da turare, takan kuma shafa mini man shanu a baya in Baba ya fita. Amma ko sau ɗaya ban ji ta ce masa ya bari ba.

Abin da ban iya gaya wa kowa ba a lokacin shi ne, ni ma na yarda da su. Nakan shiga bayan rumbu in jingina da bango, in danna bayana da ƙarfi har idanuna su kawo ruwa, ina ƙoƙarin ƙeyata ta taɓa ƙasar bangon. Ba ta taɓawa sai na ɗaga haɓa sama kamar zakara mai shan ruwa. Sai in ce a raina lalle ni rago ne, tunda kowa yana iya wannan abu mai sauƙi ban da ni.

Da rani ya shigo Baba zai je Aliero sayen irin albasa, ya ce in shirya. Kowa ya san garin da abu biyu, albasa da masu ɗori. Ya kai ni zauren wani dattijo, inda muka tarar da masu karaya kwance a kan tabarmi, yawancinsu 'yan kabu-kabu da suka faɗi da babur, ƙafafu ɗaure da kara. Da layi ya zo kaina dattijon ya sa na tuɓe riga. Ya bi ƙashin bayana da babban yatsa tun daga wuya har ƙugu, a hankali, yana tambaya ko na taɓa faɗowa daga itace ko jaki. Na ce a'a.

"Babu karaya nan, babu gocewa," ya ce da Baba. "Wanga ba aikina ba ne."

Gaskiya ya faɗa, bai kuma karɓi komai ba. Amma Baba wani abu daban ya ji. Muna fita daga zauren ya ce, "To ka jiya da kunnenka. Ƙashinka lahiya lau. Taurin kai na kawai." Shekarar nan na sha dundu fiye da kowace shekara.

Daga baya ya gaji. Ya ce tunda ba ni da amfani a gona, a bar ni in ci gaba da boko, wana kuwa aka cire shi ya kama garma. Haka na yi sakandare, na yi kwalejin horon malamai, na samu aikin koyarwa a wata firamare ta wajen Maiyama. Na yi aure, na kama haya a Sabon Garin Jega. Na koyi sa manyan riguna masu faɗi, na koyi zama a layin baya in ana taro, na koyi yin dariya tare da masu tsokanata kafin su gama. Bayan nawa ya tsaya inda ya tsaya, bai ƙaru sosai ba, bai kuma ragu ba.

Ciwon ne ya zo daga baya, bayan na haura talatin. Kullum ina kan babur tsakanin Jega da makaranta, in wuni tsaye a gaban allo hannu a sama. Da farko gajiya ce kawai da yamma. Sannan ta zama wani zafi a tsakanin kafaɗu kamar an aza garwashi, wuya ya riƙe, ƙugu ya ɗauka. Na sha ƙwayoyin kemis har cikina ya fara ƙuna. Akwai ranar da na yi ruku'u a masallacin unguwa na kasa ɗagowa sai da na dafa gwiwar na kusa da ni.

Gidan da ke jikin namu wasu Kiristoci ne suke haya, baƙi daga nesa. Mijin yana aiki a ofishin gwamnati, matar kuma a wani asibitin gwamnati, a sashen da ake kira gashin ƙashi. Unguwa duka Madam ake ce mata. Suna shiri da mai ɗakina, suna aika wa juna abinci da Salla da Kirsimeti. Wata rana mai ɗakina ta ce Madam ta ga yadda nake tura babur in shigar da shi gida, ta ce in ina so in leƙa wurin aikinta.

Raina ya ɓaci. Na ce ta gaya mata bayana ba abin kallon unguwa ba ne. Na riga na ƙoshi da masu ra'ayi a kan bayan nan. Sai da na yi wata da watanni, ciwon ya hana ni rubutu a saman allo, sannan na je, ina jin kunya kamar mai zuwa roƙo.

Ɗakin ƙarami ne a ƙarshen baranda. Gado ɗaya mai katifar leda, wasu sanduna biyu da masu shanyewar ɓarin jiki ke koyon tafiya a tsakaninsu, da fitilar gashi da ba ta aiki in babu wuta. Na zaci za ta gasa ni ne da fitilar ta ba ni magani. Sai ta kira wani ma'aikaci namiji ya tsaya tare da mu, ta ce in cire riga in sunkuya kamar zan taɓa yatsun ƙafa. Ta duba ta gefe. Ta ce in kwanta rubda ciki in ɗaga ƙirji. Ta daɗe tana kallo.

"Malam, tun yaushe bayan yake haka?"

Na gaya mata.

"Doro iri-iri ne," ta ce. Hausarta ta bariki ce, amma a fili take. "Akwai na sabo, na yawan sunkuyo. Wannan in mutum ya kwanta ko ya yi niyya, yana miƙewa. Naka bai motsa ba. Ina so ka yi hoton ƙashi kafin in ce komai."

Na je Birnin Kebbi na yi hoton, likita ya duba ya yi rubutu, na kawo mata. Ta ɗaga shi a jikin taga. Ta nuna mini ƙasusuwan baya jere kamar tubalan gini, na ƙasa masu kusurwa daidai. Sannan ta kai yatsa tsakiya, inda wasu suka tsuke ta gaba suka yi faɗi ta baya.

"Ka ga waɗannan? Lokacin da kake girma gabansu bai yi tsawo daidai da bayansu ba. In ka jera tubali irin wannan dole gini ya lanƙwasa. Ba wanda ya san takamaiman dalili. Yana fitowa ne lokacin balaga."

"To da na dage da miƙewa fa?"

"Ko ka kwana kana dagewa ba zai miƙe ba. Ƙashi ne, ba hali ba."

Na sha jin mutane suna cewa in aka gaya musu sunan ciwonsu hankalinsu yakan kwanta. Ni ba haka na ji ba. Na zauna a bakin gadon ina riƙe da rigata, na kasa sa ta. Can sai na tambaye ta abin da bai kamata in tambaya ba, ko da an kawo ni wurin irinsu tun ina yaro da an yi wani abu.

Na ga tana auna ko ta faɗa.

"Da yiwuwa. In ƙashi bai gama girma ba akwai wata rigar roba mai tauri da ake sa wa yaro, da motsa jiki. Sau da yawa yana ragewa. Ba kullum ba. Yanzu naka ya riga ya ƙafe, ba zan yi maka ƙarya in ce zan miƙar da shi ba. Amma ciwon, wannan za mu iya yi masa aiki."

Aikin kuwa da ta ba ni sai ya zama abin da ko yaro zai iya. In naɗe tawul ya yi kauri, in kwanta rigingine a kansa daidai inda bayan ya fi tashi, in buɗe hannuwa in yi ta numfashi. In tsaya a bakin ƙofa in dafa dogaran biyu, in tura jiki gaba har in ji naman ƙirji yana jan kansa, domin ta ce shekarun rankwafawa sun tsuke shi. In kwanta rubda ciki in ɗaga kai da kafaɗu kaɗan ba tare da na dogara da hannu ba. In janye haɓa ciki kamar mai ƙin abinci. In miƙar da jijiyoyin bayan cinya. Robar ja da suke amfani da ita ta tsinke tun bara ba a kawo wata ba, don haka ta ce in nemi tsohuwar robar cikin tayar keke wurin mai faci, in ɗaura a ƙarfen taga, in riƙa ja ina haɗe allunan kafaɗa. Ta sa na ɗaga kan babur ɗina wurin makanike, ta ce in daina rubutu a can saman allo, in kuma riƙa zama tsakanin darasi da darasi.

Makonnin farko ciwon ƙaruwa ya yi, na kusa bari. Ta ce naman da ya yi shekaru yana barci ne aka tashe shi, dole ya yi ƙorafi. Da asuba bayan salla nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida in yi, 'ya'yana suna kwaikwayona suna dariya, mai ɗakina tana korarsu. Kafin damina ta fita sai na lura na dawo daga makaranta ban nemi ƙwaya ba. Garwashin nan na tsakanin kafaɗu ya koma ɗumi, wasu ranakun ma babu. Na yi ruku'u na ɗago da kaina.

Ya kamata in yi murna, na kuma gode wa Allah. Amma duk lokacin da na kwanta a kan tawul ɗin nan ina kallon sama, lissafin da ke zuwa mini daban ne. Tawul da robar keke da mutum ɗaya da ya san abin da yake kallo. Tsakanin garinmu da inda ake da irin wannan sani ba tafiyar kwana ba ce, ko a wancan zamanin. Mun sha zuwa Birnin Kebbi biki da ta'aziyya. Ba wanda ya taɓa cewa bari a nuna yaron nan a asibiti, saboda an riga an san ciwonsa, sunansa lalaci.

Sai na ɗauki hoton na tafi Gumbin Kure. Ban san ainihin abin da nake nema ba. Ina jin kalma ɗaya nake so.

Na tarar da Baba a gindin dogonyaron ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu. Ya tsufa, idanunsa sun fara hazo. Bayan gaisuwa na zaro hoton na ɗaga masa shi a rana, na nuna masa tubalan kamar yadda aka nuna mini, na maimaita abin da aka gaya mini kalma bayan kalma. Ya karɓa ya juya shi sama da ƙasa.

"Wanga shi na ƙashinka?"

"Shi ne, Baba."

"Ikon Allah. To haka Allah Ya yi ka ke nan."

"Haka Ya yi ni tun ranar da muka je wurin tela. Duk dundun nan da sandar nan, ba abin da zan iya yi."

"Wace sanda?"

Na dube shi. Na so in ga alamar yana ɓoyewa ne, da na fi samun sauƙi. Babu. Fuskarsa a sake take, yana jiran in tuna masa.

"Gorar da kake gitta mini a baya in za mu gona."

Ya yi ɗan tunani, ya girgiza kai. "Ni ban tuna ba. Yaro dai ana tsawata mai, in ba haka ba ya lalace. Kuma in ba don bayan ga ba, ai da ban bar ka boko ba. Ga ka yanzu da albashi, ga wan naka can gona cikin rana. Mi kake nema kuma?"

Inna tana jinmu daga bayan zana. Ta ce, "Abin da ya wuce a bar shi ya wuce. Shigo ka sha fura."

Na shiga na sha furar. Na mayar da hoton cikin ambulan ɗinsa, na hau babur. Abin da na kwashe shekaru ina ɗauke da shi, shi Baba ko ajiye shi bai yi ba a ransa balle ya nemi inda ya sa. Na daɗe ban koma ba. Salla ma aike na yi.

A tsakanin nan aka yi wa mijin Madam canjin wurin aiki, suka kwashe kaya. Ba a kawo kowa a madadinta ba. Na wuce ta barandar nan daga baya na ga ƙofar da kwaɗo, an jingina wasu karyayyun kujeru a jikinta. Masu shanyewar jiki da na saba gani suna jan ƙafa tsakanin sandunan nan ban san inda suka koma ba. Ni dai na riga na koyi nawa, ina yi a gida. In na yi sakaci na mako biyu ciwon yakan dawo ya tuna mini. Mai ɗakina tana cewa na cika kallon bayan yara, namu da na makaranta. Gaskiya ne. Na taɓa kiran uban wani ɗalibina na ce ya kai shi a duba shi, ya ce mini yaron rago ne kawai, a gida ma haka yake zama.

Bara wana ya kira ni a waya. Ya ce Baba ya rankwafa sosai, baya ya hana shi zama ya hana shi kwanciya, sun gwada na gargajiya ba sauƙi. Ya ce, "Tunda kai ka san abin ga da aka koya maka, ka zo ka gwada mishi."

Na ce zan yi tunani. Kwana biyu ina jujjuya maganar. Daga ƙarshe na kira Madam na gaya mata. Ta ce doron tsufa daban ne da nawa, ƙashin tsoho yana da gautsi, kada in kuskura in danna ko in ja, kuma lalle a kai shi likita ya gani. Ta faɗa mini 'yan abubuwa masu sauƙi da zai iya yi a zaune.

Na same shi ya dunƙule a kan buzu, sanda a gefensa. Mutanen gari suna wucewa suna durƙusawa suna gaishe shi. Ba wanda ya kira nasa doron da wani suna, tsufa ne, abin girmamawa. Muka kai shi asibiti ni da wana, aka ba shi magani. Bayan nan na riƙa zuwa duk ƙarshen mako. Nakan zaunar da shi a kan kujera, in sa masa matashi a ƙugu, in ce ya ja numfashi ya buɗe ƙirji, ya janye kafaɗu baya a hankali iya inda zai iya. Hannuna yana kan gadon bayansa, ina jin ƙasusuwan ta cikin riga kamar na ɗan tsako. Yana yi yana nishi.

Wata rana ya tsaya a tsakiya, yana haki.

"Haka kake yi kullum?"

"Kullum."

"Da wuya," ya ce. "Ina so in kai, abin ba ya zuwa."

Na bar hannuna inda yake, ina jira ko zai ƙara wani abu. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ɗago ya tambaye ni ko albasa ta yi kuɗi a Jega wannan makon, don wana yana da buhuna da yake son fitarwa.

Na ce ta ɗan tashi. Na gyara masa matashin, na ce mu sake daga farko.